Yadda Ƙasashe Su Ke Ƙulla Alkawari: Misalin Iyakar Illo

Wanda duk ya tashi daga Zagga, ya bi ta Bagudo, ya haye Kwara ya nufi yamma, ba zai yi wata doguwar tafiya ba sai ya iske inda za a ce masa Nijeriya ta ƙare. In ta Tsamiya ya bi, garin da ke gabansa Segbana ne. In kuwa ta Illo da Lolo ya bi, ya doshi Malanbil ke nan, duk a ƙasar Binin, wadda a ke kira Dahomi kafin 1975. Ba teku a wurin, ba wani dogon dutse da Allah ya gitta. Ƙasar iri ɗaya ce, mutanen wannan gefe da na wancan suna auren juna, suna cin kasuwa ɗaya. Amma kuɗin da ke aljihunsu dabam ne, harshen da a ke koya wa 'ya'yansu a makaranta dabam, alƙalin da zai yi musu shari'a dabam. Abin da ya raba su takarda ce, wadda aka sa wa hannu a birnin Faris ran 14 ga Yuni, 1898. Ba Sarkin Illo a wurin, ba Sarkin Gwandu, ba ko wakilinsu.

Waɗanda suka rubuta takardar nan duk sun mutu, mulkinsu kuma ya kau tun 1960, amma ita tana nan tana aiki. Ya kamata mu da za mu fita mu koyar da yara labarin ƙasa mu san dalili, don kada mu riƙa nuna musu jan layi bisa taswira kamar tare da ƙasar aka halicce shi.

Irin wannan takarda ita a ke kira yarjejeniya, malamai su ce mu'ahada, watau alkawarin da ƙasa ta ɗaukar wa ƙasa a rubuce, da niyyar ya ɗaure su duka. Wanda ya san kara ya san rabin al'amarin. Mai sa ba shi ne ya ke ciniki da bakinsa ba, dillali ya ke sawa. Dillali ya yi ta ja-in-ja da mai saye har su daidaita a kan kuɗi, amma ciniki bai faɗa ba sai an koma wurin mai dabba ya ce ya sallama. Bayan ya sallama kuma da sauran aiki, sai an biya, an miƙa igiya. Haka al'amarin ƙasashe ya ke. Wakilai su yi shawara su sa hannu, sa'an nan mai ƙasa ya tabbatar, sa'an nan a zartar. Bambancin kawai shi ne, a kara akwai sarkin kasuwa da alƙali in an yi gardama, su kuwa ƙasashe ba dogarin da ke bisansu.

Tambaya ta fari a kowace yarjejeniya ita ce, wanda ya sa hannu yana da ikon ya sa? A kan wannan tambaya Ingila da Faransa suka kusa gwabzawa a ƙasar Bargu.

Ga asalin abin. A taron Barlin, wanda aka gama cikin Fabrairu 1885, ƙasashen Turai suka shirya yadda za su riƙa sanar da juna wuraren da suka kama, suka kuma yarda jiragen kowa su bi Kwara. Daga nan sai kowa ya shiga neman takardun sarakuna, don ya nuna wa sauran Turawa ya riga su. Cikin Yuni 1885 wani Bature, Joseph Thomson, ya zo a madadin kamfanin Goldi, wanda ya zama Kamfanin Neja a 1886, ya sami takarda daga Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu, ya sami wata daga Sarkin Gwandu Maliki. Da Turanci an rubuta cewa sarakunan sun ba kamfani iko bisa gaɓar kogi, kamfani kuwa zai riƙa ba Sarkin Musulmi kaya na kimanin buhun wuri 3,000 kowace shekara. Masana tarihi da yawa suna ganin abin da sarakunan suka ɗauka sun bayar izinin ciniki ne, irin wanda a ke ba baƙin fatake, kayan kuwa gaisuwa ce. Lalle yadda suka ci gaba da mulkin ƙasarsu bayan haka ya nuna ba su ɗauka sun sayar da ita ba. Saboda irin wannan ne a ke rubuta yarjejeniya da harshen kowane gefe, a gwada su kalma da kalma, a kuma faɗi wanda za a bi in sun saɓa.

Da waɗannan takardu Ingila ta tunkari Faransa, har ran 5 ga Agusta, 1890, suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi, da sharaɗin duk abin da ke na daular Sakkwato ya faɗo kudu. Amma ba su ce kome ba game da yammacin Kwara, inda Bargu ta ke. Kamfani ya ce ai yana da takardar Sarkin Busa, Sarkin Busa kuwa shi ne babban Bargu duka. Faransai suka ce a'a, Sarkin Nikki ne babba. Mutanen Bargu da kansu suna cewa Busa da Nikki da Illo 'yan'uwa ne, zuriyar Kisra, kowa da ƙasarsa, amma ba wannan Turawa su ke son ji ba. Sai aka yi tsere. Kyaftin Lugga, wanda ya zama Gwamna daga baya, ya isa Nikki ya sami takarda ran 10 ga Nuwamba, 1894. Bafaranshe Decoeur ya iso bayansa da mayaƙa, ya sami tasa ran 26 ga watan. Ingila ta ce ta riga. Faransa ta ce takardar Lugga banza ce, gama bai ga sarki ido da ido ba, da limamin gari da waɗansu manya ya gama magana, ba kuwa su ke da ƙasa ba.

Kun ga dillalin da mai dabba bai aika ba. Don gudun wannan ne a ke ba wakili takardar wakilci mai hatimin ƙasarsa, wadda ta faɗi sunansa da iyakar abin da aka ba shi iko ya yi, a kuma duba ta kafin a zauna. A dokar zamanin nan mutum uku kaɗai ba a tambayarsu wannan takarda: shugaban ƙasa, da shugaban gwamnati, da ministan harkokin waje.

Da Faransai suka ga gardamar takardu ba ta ƙarewa, sai suka koma ga ƙarfi. A farkon 1897 wani hafsansu, Bretonnet, ya kafa sansani a Illo da Busa. Ingila ta tara rundunar soja a ƙarƙashin Lugga, aka tura su Bargu, har ya zama cikin 1898 akwai garuruwan da tutar Ingila ke wannan ƙofa, ta Faransa ke waccan. Da wani soja ya yi gaggawar harbi, da manyan ƙasashen Turai biyu sun shiga yaƙi saboda garuruwan da yawancin mutanensu ba su taɓa jin sunansu ba. Wannan tsoro shi ya zaunar da wakilansu a Faris wata da watanni, maganar Illo kuwa tana cikin abubuwan da aka warware daga ƙarshe, don Chamberlain, ministan Ingila mai lura da ƙasashen da ta mallaka, ya ƙi sakinta.

Ga abin da suka shirya a wajenmu. Nikki da yammacin Bargu na Faransa, Busa da Kayama da Illo na Ingila. Layin zai taso daga kudu ya faɗa Kwara a wani wuri mil 10 sama da Giris, mashigin Illo, awo a miƙe, ba bin lanƙwasar kogi ba. Daga nan ya haye, ya bi kwarin Dallol Mauri, har ya gamu da wani da'ira da aka zana bisa taswira, mil 100 kewaye da birnin Sakkwato. Faransa ta so ta sami tasha a ƙasan duwatsun Busa inda jirgi ke iya zuwa daga teku. Ba a ba ta ƙasa ba, sai aka ba ta hayar fili biyu na shekara 30, aka zaɓi ɗaya a Bajibo, ɗaya a Forkados. Sarakunan ƙasa kuwa abin da aka tanadar musu sharaɗi ɗaya ne, cewa wanda ya yi alkawari da ɗayansu, rabo kuma ya jefa shi hannun ɗayar, za a riƙe shi da mutunci. Ku lura da shekarar. Sai a watan Maris 1903 sojan Ingila suka shiga Sakkwato, watau shekara biyar ke nan bayan an kafa tsinken awo a kan birnin an zana da'ira. An raba fata tun ba a kama kurar ba.

Jakadan Ingila, Sir Edmund Monson, da ministan harkokin waje na Faransa, Gabriel Hanotaux, suka sa hannu. To, ciniki ya faɗa? Bai faɗa ba. An yanka wata shida don a tabbatar, amma cikin watan Yunin nan gwamnatin da Hanotaux ke ciki ta faɗi, sa'an nan da kaka rikicin Fashoda ya tashi a bakin kogin Nilu, ƙasashen biyu suka sake tsayawa a bakin yaƙi. Cikin Disamba aka ƙara wa'adi da wata shida. Sai da aka kashe waccan wuta, aka yi wani ƙari ga takardar ran 21 ga Maris, 1899, sa'an nan aka kai ta gaban majalisar Faransa, don dokarsu ta 1875 ta hana a bayar da ƙasa ko a yi musayarta sai majalisa ta yarda. A Ingila kuwa ƙulla alkawari ikon sarauta ne, ministoci ke gudanar da shi da sunan Sarauniya Biktoriya. Ran 13 ga Yuni, 1899, saura kwana ɗaya shekara ta cika, aka yi musayar takardun tabbatarwa. Daga ran nan alkawari ya hau kansu.

Amfanin wannan jinkiri a fili ya ke. Wakili yana iya wuce inda aka aike shi, ana iya ruɗinsa, ana iya tsorata shi. Tabbatarwa ita ke ba mai ƙasa damar ya karanta da idonsa, ya kuma ji bakin waɗanda za su ɗauki nauyin abin. Akwai kuma wani abin lura: Hanotaux ya sauka, amma sa hannunsa bai sauka tare da shi ba, gama ba da sunan kansa ya sa ba, da sunan Faransa ya sa. Gwamnati tana sakewa, ƙasa ba ta sakewa.

Saura miƙa igiya, watau a sauko da layin daga taswira zuwa ƙasa. Cikin 1900 aka aiko 'yan safiyo na gefen biyu suka bi daji suna awo, suna tambayar kowane ƙauye wa ya ke bi, bisa aikinsu kuma aka yi wata yarjejeniya ran 19 ga Oktoba, 1906, wadda ta bayyana iyakar dalla-dalla tun daga teku har Kwara. A cikinta an yarda ƙauyukan bakin iyaka su ci gaba da amfani da gonakinsu da makiyayarsu da mashayarsu na da, ko da layi ya jefa su wancan gefe. A arewa kuwa takarda ta ci karo da ƙasa. Faransai suka tarar da'irar nan ta mil 100 ta tura su cikin hamada, ba hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Suka nemi gyara, aka yi musu ran 8 ga Afrilu, 1904, aka kammala a 1906, Birnin Ƙonni da Maraɗi suka tabbata a hannunsu. Cikin abin da suka biya da shi har da haƙƙin da su ke da shi na shanya kifi a gaɓar Niyufanlan, can wajen Kanada. Kifin tekun da Baƙonne bai taɓa gani ba yana cikin abin da ya sa jikokinsa ke karatu da Faransanci. Ita Illo daga baya Turawa suka cire ta daga Bargu suka haɗa ta da Gwandu, shi ya sa yau ta ke ƙaramar hukuma ɗaya da Zagga da Ka'oje a Jihar Kabi.

Mai tambaya zai ce, to, da muka sami mulkin kai, me ya ɗaure mu da alkawarin da ba mu muka ɗauka ba? Abu biyu. Ran 1 ga Oktoba, 1960, Nijeriya ta yi musayar wasiƙu da Ingila, ta karɓi haƙƙoƙi da nauyin yarjejeniyoyin da aka ƙulla dominta. Sa'an nan cikin Yuli 1964 shugabannin Afirka suka taru a Alƙahira, suka ɗauki alkawarin kowa ya tsaya kan iyakar da ya tarar ran da ya sami 'yanci. A ganina an yi rabon 1898 ba bisa adalci ba, amma shawarar Alƙahira daidai ce. In aka ce a koma iyakokin da, na wace shekara za a koma? Na zamanin Kanta, ko na Abdullahi ɗan Fodiyo? Kowane gari yana da shekarar da ya fi so a tuna.

Dokokin ƙulla alkawari, waɗanda da al'ada ce kawai, an tattara su an rubuta a birnin Biyana ran 23 ga Mayu, 1969, suka fara aiki ran 27 ga Janairu, 1980, Nijeriya kuwa tana cikin waɗanda suka shiga tun da wuri. Gindinsu shi ne, alkawarin da ya hau kan ƙasa wajibi ne ta cika shi da zuciya ɗaya, ba ta kuwa da ikon ta fake da dokarta ta gida. Wadda ta sa hannu ba ta tabbatar ba tukuna, an hana ta yin abin da zai rushe manufar takardar. Alkawarin da aka karɓa da bakin bindiga, saɓanin dokar Majalisar Ɗinkin Duniya, ɓatacce ne, ko da ya ke wannan bai koma baya ya warware na zamanin Turawa ba. Ƙasa tana iya neman fita daga alkawari in al'amura sun sake sarai, amma an toge yarjejeniyar iyaka, ita ba a fita daga cikinta ta wannan ƙofa. Akwai kuma ajiye kowace yarjejeniya a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, don a kashe al'adar alkawarin ɓoye, wadda ba a ajiye ba kuwa ba a kafa hujja da ita a gaban Majalisar.

Yanzu mu dubi yadda abin ya ke a gida. A Nijeriya Gwamnatin Tarayya kaɗai ke ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa. Gwamnan Kabi yana iya zama da maƙwabtansa na Binin a sasanta rikicin manoma da makiyaya, amma ba shi da ikon ya matsar da iyaka ko da taki ɗaya. Wata doka ta 1993 ta kasa yarjejeniyoyi uku: masu sake doka, waɗanda sai an mai da su doka; masu ɗora wa ƙasa nauyin kuɗi ko na siyasa, waɗanda sai an tabbatar; da ƙanana irin na musayar ɗalibai da al'adu, waɗanda sa hannu ya isa. Ma'aikatar Shari'a ke ajiye su. Babbar magana tana cikin sashe na 12 na tsarin mulkin 1999: yarjejeniya ba ta da ƙarfin doka a cikin ƙasa sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. In kuwa abin ya shafi al'amarin da ba na Tarayya kaɗai ba ne, sai mafi yawan majalisun jihohi sun yarda, watau majalisar da ke Birnin Kabi ma tana da baki. Misalin wadda ta bi wannan hanya har ƙarshe ita ce yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, wadda aka mai da ita doka a 1983. Shi ya sa a shari'ar Gani Fawehinmi da gwamnatin Abaca, a shekara ta 2000, Kotun Ƙoli ta ce alƙalan Nijeriya za su yi hukunci da ita, amma tsarin mulki yana bisanta.

A hayin iyaka ba haka ba ne. Binin ta gaji hanyar Faransa. Tsarin mulkinta na 1990 ya ce shugaban ƙasa ke tabbatar da yarjejeniya, manya daga ciki sai da iznin majalisa, amma da zarar an tabbatar an buga, ta fi dokar ƙasa ƙarfi, muddin ɗaya gefen yana cikawa. Ya kuma hana a bayar da wani yanki sai mutanen wurin sun yarda, abin da ba wanda ya tuna da shi a 1898. Saboda haka takarda ɗaya tana iya zama doka a kotun Kandi, ba ta zama doka a kotun Bagudo ba. Wannan rami ne, Nijeriya kuwa ta sha faɗawa cikinsa, don yarjejeniyoyi da yawa an tabbatar da su a waje, an bar su ba a kai su majalisa ba. A idon duniya suna kanmu, a gaban alƙalinmu kuwa talaka ba ya iya neman haƙƙinsa da su.

Shari'ar Bakasi ta nuna haɗarin. A 1975 Janar Gowon da Shugaba Ahijo na Kamaru suka sa hannu a wata takarda a Marwa game da iyakar ruwa. Da aka je Kotun Duniya, Nijeriya ta ce majalisar soja ba ta tabbatar da ita ba. Ran 10 ga Oktoba, 2002, kotu ta ce shugaban ƙasa ne ya sa hannu, takardar kuwa irin wadda ke aiki tun daga sa hannu ce. A 2006 aka yi yarjejeniyar miƙa yankin, a 2007 Majalisar Dattawa ta ce ba a kawo mata ba bisa sashe na 12, amma ran 14 ga Agusta, 2008, aka miƙa.

To, tun da ba dogari, me ke sa ƙasa ta cika? Mafi ƙarfin dalili shi ne bukatar juna. Ruwan da ke wucewa ta Illo daga Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar, shi ne kuma ya ke juya injunan Kainji. In na sama suka tare shi, mun shiga uku, su ma kuwa suna bukatar wutarmu da hanyarmu ta zuwa teku. Wannan ya sa ƙasashen kogin suka yi yarjejeniya a Yamai a 1963, wadda ta maye gurbin sharuɗɗan Barlin, suka kuma kafa hukumar kwarin Kwara a 1980, mai ƙasashe 9. Bayan wannan akwai tsoron ramuwa, da tsoron zubar da mutunci, gama ƙasar da aka sani da saɓa alkawari ba mai sake ba ta bashi da sauƙi.

Kotu tana nan, amma ba ta kama ƙasa sai wadda ta kai kanta. Kusa da mu, sama da Gaya, akwai tsibirin Lete, wanda Nijar da Dahomi suka yi ta jayayya a kansa, har a 1963 abin ya kai ga korar mutane da jan daga. Shekara kusan arba'in ana fama, sa'an nan ran 15 ga Yuni, 2001, suka sa hannu a Kwatano cewa za su kai maganar Kotun Duniya, kuma duk abin da ta yanke sun karɓa. Suka tabbatar, suka yi musayar takardu a 2002. Ran 12 ga Yuli, 2005, kotu ta ce iyaka ta bi inda ruwa ya fi zurfi a babbar hanyar jirage kamar yadda ta ke a 1960. Cikin tsibirai 25 Nijar ta sami 16, har da Lete, Binin ta sami 9. Binin ta haɗiye. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba wanda aka ƙi cika wa hukunci damar ya kai kuka Kwamitin Sulhu, amma a nan ba a bukaci haka ba.

Ba kullum a ke gamawa lafiya haka ba, mutanen ƙasar Bagudo kuwa shaida ne. Ran 28 ga Mayu, 1975, aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko, a 1979 kuma aka yarda ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar ya shiga 'yar'uwarta ba biza, ya zauna har kwana 90, kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin kuma aka shirya su riƙa wucewa ba kuɗin fito. Duk da haka Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986. Ran 7 ga Yuli, 2019, a Yamai, Nijeriya da Binin suka sa hannu rana ɗaya a yarjejeniyar ciniki ta Afirka duka, ba a yi wata biyu ba, cikin Agusta, Nijeriya ta sake rufe iyaka. Hujjarta ba ta banza ba ce. Shinkafar da a ke saukewa a Kwatano daga Asiya ta fi abin da mutanen Binin za su ci nesa ba kusa ba, kowa ya san inda sauran ke zuwa, ga man fetur mai rahusa yana fita, ga makamai suna shigowa. Ta ce maƙwabta ne suka fara saɓawa. Su kuwa suka ce ko da haka ne, takarda ta shirya hanyar kai ƙara, ba ta ce a rufe ƙofa ba, a nan kuwa gaskiya tana wajensu.

Ba kotun da ta buɗe iyakar nan, ba wanda ya iya tilasta wa Nijeriya, don ita ce babba. Wanda ya ji jiki shi ne mai albasa da mai shanu da mai ɗan tebur a Lolo da Tsamiya, balle da aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a watan Nuwamba na shekarar, mutumin da gonarsa ke bakin layi ya koma sayen mai da tsada kamar shi ne ɗan fasa-ƙwaurin. Abin da ya sassauta al'amarin shi ne tsadar abinci a gida, da kukan maƙwabta, da kuma waccan takarda ta Yamai, wadda za ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2021. Nijeriya ta tabbatar da ita, ta kai takardar tabbatarwa cikin Disamba 2020, a watan nan kuma aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Kamba, wadda ta fi kusa da mu cikin manyan ƙofofi, sai a watan Afrilu 2022 aka buɗe ta.